Takardata a Jakar Takardun Gona

A layinmu na Kura, duk matar da aka ba wa takarda a asibiti gidana take fara biyowa kafin ta kai nata. Malamar firamare ce ni, aji huɗu nake koyarwa, kuma Turancina bai wuce na mai takardar koyarwa ba. Amma a layin da maza ke bakin ruwa tun asuba, mata kuma turarar shinkafa ce sana'arsu, wannan ɗan Turancin ya mai da ni rabin likita. In karanta in ce wannan sau biyu a rana ne, wannan kada a sha shi ciki babu komai, wannan kuma a koma bayan sati biyu. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba, har gilashi nake ɗan saukarwa kan hanci in zan karanta. Shi ya sa har yau in na tuna tawa takardar ta yi shekara biyu da wata uku a ɗakin da nake sharewa kullum ban sani ba, sai in ji kunyar kaina.

Abin ya faro ne a wani rani, lokacin cirar albasa. Ciki ya dame ni, zafi a ƙasan ƙirji, in na ci abinci ya lafa, in yunwa ta zo ya dawo. Na sha maganin kemis har na gaji. A asibitinmu na nan aka ce in je Kano a yi min hoton ciki, ko tsakuwa ce a matsarmama. Maigidana ne ya kai ni. Malam nake ce masa, duk da dai noman rani ne aikinsa, shinkafa da albasa. Shekararmu goma sha tara da aure a lokacin, da 'ya'ya biyar, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ko ta farashin taki.

An yi hoton farko, wanda ake shafa wa mutum mai a ciki. Sai aka ce a yi na biyu, wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura. Bayan kwana huɗu muka koma karɓar sakamako. Likitan dattijo ne mai furfura, ya duba takarda, ya dube ni ta saman gilashi, ya ce Hajiya in ɗan ba su wuri zai yi magana da maigida. Ni kuwa, wawuya, na ɗauki jakata na fita. Na zauna a benci ina kallon wata mata tana ɓare wa ɗiyarta lemo. Ban ji komai a raina ba, don haka ake yi, kowa ya san haka ake yi.

Da Malam ya fito, fuskarsa a sake, ya ce olsa ce kawai, an rubuta magani, in rage yaji in daina zama da yunwa. Na ce ina takardar hoton in gani. Ya ce sun riƙe ta a fayil. A bakin ƙofar asibiti ya saya min yogot mai sanyi, na sha ina tsokanarsa cewa yau rowa ta tafi hutu. Olsar kuma da gaske akwai ta, maganin ya yi aiki, cikin sati uku na manta da ciwon ciki.

Daga nan rayuwata ta yi wani irin daɗi da ban saba ba. Malam ya sayo min murhun gas, ya ce hayaƙin itace ba shi da kyau. Mutumin da in ya tafi ban-ruwa ba ya tuna akwai waya a aljihunsa, ya koma kirana sau biyu kafin azahar, wai yana jin lafiyata. Innata, mahaifiyata, wadda ke zaune a Bunkure a gidan yayana, ta fara zuwa duk Juma'a a adaidaita-sahu da kindirmo da gorar rubutu, alhali da sai ta yi wata uku ba ta tako gidana ba saboda kunyar suruki. In na ce Inna rubutun mene ne kuma, sai ta ce in sha dai, tsari ne. Yayana ya ba ni wani yanki na gonarsa kusa da kanal, ya ce in sa a shuka min abin da nake so. Ƙanwata ta fara roƙon in ba ta riƙon autata, ta nace har muka yi 'yar rigima. A wurin biki kuwa matan dangi sai su riƙe hannuna su yi ta ya jiki, ya jiki, ni kuma ina dariya ina cewa jikin wa, ku ga ni garau.

Abin da ya fi ci min rai yanzu shi ne yadda na yi ta fariya. A ofishin malamai na sha cewa mijina sai da ya tsufa ya iya soyayya. Har shawara nake ba ƙananan malamai, wai su yi haƙuri, namiji sai ya haura hamsin yake sanin darajar mace. Kai, ni 'yasu! Ina can ina baza baki, ashe dangi kaf zaman jiran mutuwata suke, ni kaɗai ce ba a gayyata ba.

Ranar da asiri ya tonu ranar Talata ce, ina gida saboda hutun tsakiyar zango. Malam ya kira ni daga gona, ya ce shugabannin ƙungiyar masu ban-ruwa suna sabunta rajista, suna neman lambar filinsa. Ya ce in hau kujera in sauko da baƙar jakarsa ta saman kwaba, in karanto masa lambar. Jakar nan ban taɓa buɗe ta ba, takardun gona ne, ba ruwana da su. Na sauko da ita duk ƙura, na karanta masa lambar, ya yi godiya ya kashe waya. Ina mai da takardun sai na ga wata farar ambulan an ninke ta biyu, da tambarin asibiti. Na zaci ta ɗaya daga cikin yara ce. Da na buɗe sai na ga sunana da shekaruna.

A tsaye na karanta ta, sannan na zauna a bakin gado na sake karantawa da gilashi. Rabin kalmomin sun fi ƙarfina, amma abin da na gane ya isa. An ga wani ƙullutu mai ruwa a ciki, wanda suke kira sist, a jikin wani abu wai shi fankiriyas. An rubuta girmansa. A ƙasa an ce a sake hoto bayan wata shida, kuma likitan ya ƙara da biro, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya sa watan da zan koma. Na ƙirga da yatsu. Watan ya wuce da shekara ɗaya da wata tara. Tukunyar wake tana kan gas ɗin nan da ya saya min, ina jin ƙaurinta, na kasa tashi in sauke.

Wanda ya san ni zai ɗauka a ranar na tayar da gidan, don ba a san ni da haɗiye magana ba. Amma ban ce uffan ba. Na ɗauki hoton takardar da wayata, na mai da ita inda take, na mai da jakar saman kwaba. Na ce a raina, mutanen da suka iya rufe ni shekara biyu, in na tunkare su hannu rabbana wata ƙaryar za su shirya min, in kuma yarda. Gara in fara sanin abin da ke cikina. Kwana tara na yi ina dafa masa abinci, ina ce masa sannu da zuwa, ina bincike.

A gidanmu waya ba ta kama intanet sosai, sai a bayan makaranta, bakin kanal, gindin wata bishiyar mangwaro. Da aka koma makaranta, can nake tafiya lokacin hutun tara da littafin shirin darasi, in rubuta kalma ɗaya daga takardar, in karanta abin da ya fito, in juya bayan littafin in rubuta da Hausa yadda na fahimta. Ranar farko ban daɗe ba, don kana rubuta fankiriyas abin da ke fara fitowa kansa ce, wato ciwon daji, da hotunan mutane sun rame idanu sun yi rawaya. Na rufe wayar na koma aji, na sa yara karatun jadawalin sau bakwai har aka tashi, ban san me suke faɗa ba.

Washegari na daure na koma. A hankali abin ya fara warwarewa. Fankiriyas wani ɗan dogon nama ne da ke kwance a bayan tumbi, shi ke fitar da ruwan narkar da abinci, shi ne kuma ke daidaita suga a jini. Ƙullutun nan ana yawan gano shi ne bagatatan, an je neman wani abu daban, kamar yadda aka yi da ni. Kuma iri-iri ne. Akwai wanda ruwa ne tsinkakke, zai zauna da mutum har tsufa bai yi masa komai ba. Akwai wanda ke biyo bayan kumburin fankiriyas. Akwai kuma mai ruwa mai yauƙi, shi ne wanda wani lokaci, a hankali cikin shekaru, yakan rikiɗe ya zama kansa. Mafi yawa ba sa rikiɗewa. Ba a kuma gaggawar yanka mutum, don aikin fankiriyas babban aiki ne mai nasa haɗarin. Abin da ake yi shi ne a riƙa sake hoto lokaci-lokaci, a ga ko ya ƙara girma, ko wani tsiro ya fito a cikinsa, ko bututun da ke ratsa naman ya buɗe fiye da ƙima. In an ga haka sai a cire shi tun bai zama abin da ake tsoro ba.

A nan ne fushin ya zo min da gaske. Da tsoro ne ya cika ni, yanzu kuwa sai na ji kunnuwana suna zafi. Wato duk abin da ake bukata a kaina shi ne a riƙa dubawa. Babu allura, babu ƙwaya, a hau mota a je Kano a kwanta a na'ura a dawo. Wannan ɗan abin aka hana ni, aka ba ni gas da kindirmo.

Na zama kamar mahaukaciya a kwanakin nan. Na karanta cewa rama da rawayar ido da sabon ciwon suga alamu ne marasa kyau, sai na riƙa jan fatar idona a madubi duk safiya. Na je gidan maƙwabciyata mai turarar shinkafa, na ce wasa nake, na hau sikelin da take auna buhu. Har kasuwa na je wajen mahaucin da muke sayen nama a hannunsa, na ce ya nuna min fankiriyas a kayan cikin rago. Ya ɗauko min saifa. Na ce ba ita ba ce, na nuna masa zanen da ke wayata. Ya ce au, wannan ne, ya tona ya ciro wani ɗan nama fari-fari mai laushi, manne da farkon hanji, ya ce su ko kula shi ba sa yi, cikin kayan ciki yake tafiya. Na taɓa shi da yatsa. Ya tambaye ni ko darasin kimiyya za a yi wa yara, na ce e. Tun ranar ban sake cin farfesun kayan ciki ba.

A rana ta tara, bayan la'asar, Malam ya dawo daga gona da taɓo har gwiwa. Yara suna Islamiyya. Na bari ya wanke ƙafa ya zauna a tabarma, na ajiye masa ruwa, sannan na ajiye ambulan ɗin kusa da kofin. Ya dube ta. Bai tambaya ko mece ce ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya yi ta kallon ƙasa.

Na ce masa ba faɗa zan yi ba, tambaya ɗaya ce: likitan ya yi masa bayani da Hausa ko bai yi ba? Don har lokacin ina neman masa mafita, ina fatan ya ce bai gane ba. Ya ce ya yi masa, dalla-dalla. Likitan ya gaya masa yawanci ba komai ba ne, amma wani yakan zama kansa, don haka lalle a dawo da ni. Malam ya ce daga asibiti da ya sauke ni a gida, Bunkure ya wuce, ya sami Inna da Yaya. Su uku suka zauna suka yanke cewa in na ji kalmar kansa, tunani ne zai kashe ni kafin cutar, gara a bar ni cikin walwalata a dage da addu'a.

Na ce to na ji, a ɓoye min sunan cutar, amma me ya hana a mai da ni hoton? Ai sai a ce min na olsa ne.

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Malama, ke ce matsalar. Da wata ce, da tuni na kai ta. Amma ke duk takardar da aka miƙo sai kin karanta.”

Ya ce watan da aka rubuta yana zuwa ya kasa cin abinci, ya yi ta neman dabarar da zai kai ni ba tare da takarda ta shiga hannuna ba, bai samu ba. Sai ya ce bari a yanke shinkafa. Aka yanke, ya ce bari a dasa albasa. Yana ganina ina ƙiba ina dariya, sai ya gaya wa kansa rubutun Inna ya yi aiki. Yana faɗa yana hawaye, namiji mai furfura a gemu. Wallahi ko ɗigon tausayinsa ban ji ba a lokacin. Na gaya masa abin da ya zo bakina, na ce gonar albasarsa kullum sai ya zaga ta ya duba ganye ko tsutsa ta shiga, ni kuwa da aka ce ya duba ni sau ɗaya a wata shida, ya cusa ni a jaka ya ɗora a saman kwaba. Na ce ya kwashe gas ɗinsa ya kai wa wanda yake so.

Ranar Juma'a Inna ta zo da kindirmonta kamar kullum. Malam ya riga ya gaya mata. Ni ce 'yarta ta fari a mata, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallon idona ba, amma ranar ta zauna ta fuskance ni. Na zaci haƙuri za ta ba ni. Na fara zuba mata abin da ke raina, cewa sun yi min zaman makoki da raina, sun raba 'ya'yana tun ina numfashi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Ke da kike ta wannan ɓaɓatu, wa ya karanta takardar mahaifinki? Me kika ce masa?”

Shekara goma sha ɗaya kafin nan, da Baba ya kwanta ciwon hanta, ni aka miƙa wa takarda a tsakar gidanmu na Bunkure. Na karanta, na gane babu abin da za a iya yi. Yana kishingiɗe yana kallona, ya ce me suka ce. Na ce ciwon shawara ne, Baba, zai wuce. Kowa ya yaba min, aka ce na yi hankali. Ya yi wata biyu yana lissafin tumatirin da zai dasa in ya tashi. Akwai ƙanwarsa a Dawakin Kudu da suka yi shekaru ba sa ga-maciji, kullum yana cewa in ya ji sauƙi zai je su shirya. Bai je ba.

Na ce wa Inna ai ba ɗaya ba ne, na Baba ba shi da magani, nawa kuwa akwai abin yi. Gaskiya ce, har yau ina kan wannan maganar. Amma ban iya faɗarta da ƙarfin da na so ba, kuma Inna ta ji hakan. Ta tashi ta zuba min kindirmon a kwano ta ajiye a gabana. Ban sha ba, ita ma ba ta ce in sha ba.

Litinin na shirya zan tafi Kano ni kaɗai. Malam ya biyo ni tasha, ya shiga motar ya zauna a baya, ban hana shi ba, ban kuma yi masa magana ba. Dattijon likitan ya bar wurin, wata likita muka samu, ba ta kai ni shekaru ba. Ta karanta takardar, ta duba watan da aka ja wa layi, ta ce me ya hana mu dawowa. Malam ya buɗe baki, na riga shi. Na ce mata cikina ne, ni za a riƙa gaya wa komai, mai daɗi da marar daɗi, kuma in za a fitar da wani daga ɗakin nan to ba ni ba ce. Na buɗe bayan littafin shirin darasi na fara jero mata tambayoyi: wane iri ne nawa, yana haɗe da bututu ko a'a, ta wajen kan naman yake ko ta jelarsa. Ta ɗan yi murmushi, ta juyo da kujerarta ta fuskance ni. Daga ranar ba ta sake kallon Malam ba in tana bayani.

Aka sake hoto, aka ɗibi jini. Sannan aka tura ni wani wurin, aka sa ni barci aka zura min tiyo mai kyamara ta baki, aka tsotso ɗan ruwan ƙullutun. Sati uku muna zirga-zirga tsakanin Kura da Kano. Da sakamako ya haɗu, likitar ta ajiye tsohon hoto da sabo a gabana ta nuna min da biro. Da kamar ƙwayar gyaɗa yake, yanzu ya kai goro. Mai yauƙin ne. Kuma akwai ɗan tsiro a bangonsa, abin da na rubuta a littafina na ja masa layi. Ta ce shawararsu a cire shi, tare da jelar fankiriyas ɗin, mai yiwuwa har da saifa, kuma ba za a san tabbas ko ya riga ya rikiɗe ba sai an cire an auna.

Na tambaye ta abin da ke cina: da na dawo a wata shida, da abin ya zo da sauƙi? Ta ce ba za ta yi min ƙarya ba, ba ta sani ba. Wataƙila da an ga yana girma tun tuni an cire shi kafin tsiron ya fito, wataƙila kuma aikin ɗaya ne. Abin da ta sani shi ne da ba mu zauna yanzu muna zullumi haka ba. Malam yana gefe, na ji numfashinsa ya canza, ban waiwaya ba.

Ana gobe aiki, da hantsi, nas ta shigo da takardar amincewa. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce ina maigidan, ta miƙa masa biro. Shi kuma ya miƙa hannu, don haka aka saba. Na ce, “Ba ni nan.” Na sa gilashina na karanta ta tun daga sama har ƙasa, layi-layi, har inda aka rubuta cewa ana iya zubar da jini, ana iya samun ciwon suga, ana iya mutuwa. Nas tana tsaye tana canza ƙafa. Na sa hannu, sannan na miƙa wa Malam biron ya sa nasa a wurin shaida. Da yamma na kira manyan 'ya'yana biyu na gaya musu komai da bakina, na kira ƙanwata na ce in ban tashi ba ta ɗauki autar, yanzu da izinina.

Na tashi. Sun cire jelar da saifar, na yi kwana goma sha biyu a gado da robobi a ciki. Sakamakon awon ya ɗauki kusan wata guda. Likitar ta ce ƙwayoyin bangon ƙullutun sun riga sun lalace matuƙa, suna dab da zama kansa, amma ba su keta sun shiga naman ba. Na ce dab kamar yaya. Ta ce dab. Yanzu ina shan maganin suga, an yi min alluran riga-kafi saboda rashin saifa, kuma zan ci gaba da zuwa hoto, don ragowar naman ma sai an sa masa ido. Takardun suna cikin jakata ta makaranta, watan komawa kuma na rubuta shi da alli a bayan ƙofar ɗakina.

Mutane suna cewa in gode wa Allah in manta, ai Malam don so ya yi. Na gode wa Allah, kuma na san don so ya yi. Shi ya yi jinyata, shi ya sayar da shinkafar da ya ajiye, shi yake tashi ya dafa min ruwan zafi kafin ya tafi gona. Na ce masa na yafe, kuma ba da wasa na faɗa ba. Inna ta ci gaba da zuwa Juma'a, mun koma hira, amma maganar Baba ba mu sake taɓa ta ba. Na je Dawakin Kudu na gai da gwaggona, ƙanwar Baban nan, na gaya mata abin da yayanta ya yi ta cewa a kwanakinsa na ƙarshe, da abin da ni na ce masa. Ta yi kuka. Matan layi har yanzu suna kawo takarda. Na kafa musu doka: in takardar wani ce, a gaban mai jikin zan karanta, kuma abin da ke ciki zan faɗa. Wasu sun daina zuwa, wata ma ta ce asibiti ya cire min tausayi tare da saifa.

Abin da ban iya gyarawa ba ƙarami ne, ban ma taɓa gaya wa Malam ba. Shekaranjiya ya dawo daga gona da azahar, na tambaye shi ya albasar, don na ji ana cewa wata cuta ta shiga gonakin gefen Kadawa. Ya ce lafiya lau, ba komai, fuskarsa a sake, ya zauna ya ci abincinsa. Na ce to madalla. Da ya tafi masallaci la'asar, na sa hijabina, na tari adaidaita-sahu zuwa bakin kanal, na taka har gonar. Na bi kunya-kunya ina ɗaga ganye ina dubawa. Albasar lafiyarta ƙalau, kamar yadda ya faɗa. Na karkaɗe taɓon takalmina, na koma gida kafin ya dawo.